Rawar hannun Baba daban, ta Gwaggo daban

Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina tela ne, shekarunsa 61. Yau wajen shekara 8 ke nan hannuwansa biyu suna rawa, da farko kaɗan-kaɗan, amma bana abin ya yi yawa. In yana zaune yana sauraron rediyo ba za ka ce yana da komai ba. Da ya ɗauki kofin shayi sai ya zuba a riga, zira zare a allura kuwa sai dai yaran shago su yi masa. Har ya daina cin abinci cikin mutane don kunya. Marigayiya kakarmu ma haka kanta yake kaɗawa har ta rasu tana da shekara tamanin da ɗoriya. Yayarsa da ke zaune a gidanmu, wadda muke kira Gwaggo, ita ma ta fara bara, shekarunta 66. Amma nata da sauƙi, hannun dama ne kawai, kuma da ta kama aiki yake tsayawa, sai dai tsufa da ya sa mata nawa, tana ɗan jan ƙafa. Na duba a waya na ga ana maganar Parkinson, ciwon Muhammad Ali, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Wani mai kemis ya ba Baba benzhexol, wata biyu yana sha, rawar ba ta ragu ba, sai bushewar baki da wahalar fitsari da suka ƙaru. 'Yan'uwa kuma na cewa jifa ne daga abokan sana'a. Likita, Parkinson ce? Baba zai kwanta ne? Mu ma 'ya'yansa za mu gada?

Wata 'yarka daga Gusau

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki masu kula da ke kamar yadda kike kula da shi.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karon farko Baba nake kallo, kamar yadda kika so. A karo na biyu sai idona ya tsaya a kan 'yan layukan da kika rubuta game da Gwaggo kika wuce abinki, kamar mai ba da labarin hazo. Kun ga rawa a hannun ƙane, kun ga rawa a hannun yaya, ga labarin kaka, sai kuka ce ai ciwon gida ne, nata ma da sauƙi. To, kama da wane ba ta wane. Abin da kika siffanta a jikin Baba bai yi mini kama da Parkinson ba. Abin da kika siffanta a jikin Gwaggo shi ya yi kama da ita.

Ba a duba mara lafiya ta wasiƙa, kuma ba ni zan yanke hukunci ba sai likitan da zai kama hannunsu ya ji. Amma akwai tambayar da ita ce farkon abin da kowane likita zai yi muku, kuma kin riga kin amsa ta ba tare da kin sani ba: yaushe hannun yake rawa? Lokacin da aka sa shi aiki, ko lokacin da aka ajiye shi yana hutawa?

Hannun Baba sai an aike shi yake rawa. Yana kan cinya, shiru. Ya miƙa zai karɓi canji, ya ɗaga cokali zuwa baki, ya nufi ramin allura da zare, a nan take tashi, kuma yadda aikin ya fi buƙatar saiti haka ta fi tsananta. Hannu biyu ne, ko da ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Shekara 8 tana tafiyar hawainiya, kuma ba ki ce tafiyarsa ta canza ba, ba ki ce jikinsa ya yi nauyi ba. Ga uwa mai kaɗa kai da ta kai tamanin. Wannan duk hoton abin da za ki ji likitoci suna kira essential tremor ne, ni kuwa in zan yi wa mutanenmu bayani nakan ce karkarwar gado. Sunan na likitoci yana nufin karkarwa ce mai zaman kanta, ba reshen wata cutar ba. Ta fi Parkinson yawa nesa ba kusa ba. Kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita, in kuwa aka ware waɗanda suka haura 65, adadin yakan kusa 5 cikin 100. Kimanin rabin masu ita za su nuna maka wani a dangi da yake da irinta. Takan kama kai, ki ga tsohuwa kamar tana cewa "a'a, a'a" ko "to, to" alhali ba wanda ya tambaye ta komai. Takan kama murya, mutum na karatu ki ji sautin na rawa kamar wanda sanyi ya kama. Akwai wanda take soma masa tun yana saurayi, akwai wanda sai ya manyanta.

Kin tambaye ni ko Baba zai kwanta. Karkarwar gado ba ta shanye mutum, ba ta kwantar da shi, kuma kakarku shaida ce cewa ana tsufa da ita. Amma ba zan ce miki ba komai ba ce, don wanda ya faɗa wa tela haka bai san abin da allura take nufi a wurinsa ba. Takan ƙaru a hankali cikin shekaru, tana iya raba mutum da sana'arsa, kuma kunyar da take jawowa wani lokaci ta fi ita kanta ciwo. Mutum na zaman zamansa a ce ƙwaya yake sha, ko rashin gaskiya ne ya sa hannunsa ke karkarwa a gaban mai banki.

Parkinson wani gida ne daban. Wani likitan Landan mai suna James Parkinson ne ya fara siffanta ta dalla-dalla a 1817, daga mutum shida kawai, wasunsu ma a kan titi ya riƙa lura da tafiyarsu. Abin da ke faruwa shi ne, can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi da ke samar da sinadarin dofamin, sai ƙwayoyin wurin su riƙa mutuwa a hankali. Ke 'yar tela ce, kin san keken ɗinkin da mai ya bushe masa. Ba abin da ya karye, ƙarfensa na nan, belinsa na nan, amma ƙafa sai ta yi da gaske kafin ya juya, yana tafiya yana cijewa. Haka jiki yake zama in dofamin ya yi ƙaranci. Ƙarfi bai tafi ba, laushin motsi ne ya tafi.

Rawar Parkinson ta hutu ce. Mutum na zaune ana hira, hannu na kan cinya ko ya saki shi a gefe, sai ki ga babban yatsa yana murza ɗan ali kamar mai jan carbi, alhali ba carbin. Da ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai ta ɗauke, ko ta ragu sosai. Shi ya sa kuka ce na Gwaggo da sauƙi, don ba ta zubar da koko. Kusan kullum daga ɓangare ɗaya take farawa, ta daɗe a nan kafin ta tsallaka, kuma ko ta tsallaka ɓangaren farko ya fi jin jiki. Tana iya kama ƙafa, tana iya kama haɓa da leɓe, amma da wuya ta kaɗa kai gaba ɗaya irin na kakarku. Sannan akwai masu Parkinson da yawa da ba su da rawar ma sam. Wato ba rawar ce asalin cutar ba. Nawar ce, wadda kuka kira tsufa.

A nan nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Shekara 66 ba ta sa mace ta koma jan ƙafa cikin shekara guda. Ki tuna Gwaggo ta shekara uku da suka wuce, ki aza ta kusa da ta yau. Ɗaurin ɗankwali da take yi tana magana, yanzu minti nawa yake cin mata? Tsintar shinkafa fa, da ƙulla leda, da murza dawo? In za ta tashi daga tabarma sai ta yi yunƙuri biyu ko uku? In an kira ta daga baya, waiwayowa take yi, ko sai ta juyo da jikin gaba ɗaya da ƙananan taku kamar mai ɗauke da tulu a ka? In tana ratsa tsakar gida, hannun dama na lilo kamar na hagu, ko ya manne a jiki? Wannan na ƙarshen mutanen gida ba su cika lura da shi ba, amma da an nuna musu sau ɗaya ba sa ƙara kasa ganinsa.

Na taɓa ganin wani dattijo da aka kawo saboda ciwon kafaɗa. An yi masa gashi, an shafa man zafi, an ce sanyin ƙashi ne. Muna cikin magana sai matarsa ta ce, cikin ƙorafi, ita dai abin da ya fi damunta shi ne Malam ya daina yi mata fara'a, shekara guda yana fushi da ita ba ta san laifinta ba. Na dube shi. Fuska a daskare, ido na daɗewa bai ƙifta ba, murya can ƙasa kamar mai sirri. Na ce ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, hannun da ke ciwon bai motsa ba ko kaɗan. Ba fushi yake yi ba, naman fuskar ne ya yi nauyi kamar yadda na kafaɗar ya yi. Da na faɗa mata haka sai ta rufe fuska da mayafi. Ban san ko kukan tausayi take yi ko na samun sauƙi ba, ina jin duka biyun ne.

Akwai kuma alamun da ke riga rawar zuwa da shekaru, waɗanda ba mai danganta su da hannu. Ki tambayi Gwaggo cikin hira, ba cikin tuhuma ba, ko tana jin ƙanshin turaren wuta kamar da, ko miya ta taɓa kamawa tana kusa ba ta ji ƙauri ba. Ki tambaye ta bayan gida, ko yana mata tauri kwana da kwanaki. In akwai jikar da ke kwana ɗakinta, ki tambaye ta ko Gwaggo tana ihu, ko duka, ko shuri cikin barci kamar tana faɗa da wani a mafarki. Ki lura ko ta rage shiga mutane, ko walwalarta ta ragu. Ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai ba hujja ba ne, tsofaffi da yawa suna fama da taurin ciki. Amma in suka taru a jikin mai rawar hannu ɗaya da nawa, likita zai so ya ji.

Kafin ku je asibiti, ki ba kanki mako guda kina kallo, kuma ki sa wayar nan da ta hana ki barci ta yi aikin kirki. Ki nemi izininsu ki ɗauki bidiyo, don sau da yawa rawar takan ɓuya ranar da aka zo gaban likita, ko fargaba ta ninka ta. Ki zaunar da kowannensu, hannu a kan cinya, ki ce ya lissafo watannin Musulunci daga Zulhajji ya yo baya. Hankali na tafiya wajen lissafi, rawar Parkinson takan fito fili. Sai ki ce ya miƙe hannuwa gaba, sannan ya juye ruwa daga kofi zuwa kofi, a nan ta Baba za ta nuna kanta. Ki ba su biro su zana da'ira mai naɗewa daga tsakiya zuwa waje, kamar maganin sauron nan na kunnawa, ba tare da sun jingina hannu a takarda ba. Mai karkarwar gado zanensa babba ne mai haƙora kamar zarto. Mai Parkinson nasa ƙarami ne a takure, rubutunsa ma yakan fara daidai sai ya riƙa ƙanƙancewa kafin ƙarshen layi. Na ƙarshe, kowa ya riƙa haɗa babban yatsa da ɗan ali yana buɗewa sosai, da sauri, kamar sau goma sha biyar, hannu ɗaya bayan ɗaya. Ba rawar za ki kalla ba. Ki kalli ko buɗewar tana raguwa, saurin na mutuwa, yatsun na cijewa a hanya. In hannun daman Gwaggo ya yi haka na hagu bai yi ba, kin ga abin da nake nufi.

Baba ma yana da wata shaida da ba kowa ke da ita ba: littattafan awonsa. Tela ba ya yar da tsohon littafin awo. Ki nemo na shekara goma baya, da na shekara biyar, da na bana, ki tafi da su. Lambobin da ya rubuta za su ba likita tarihin ciwon fiye da yadda baki zai bayar.

Kada ki ɗauka wannan gwajin gida ya gama magana. Abin yana da tarko. Akwai mai Parkinson da in ya miƙe hannu rawar za ta tsaya na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta dawo, wanda bai jira ba sai ya ce ta tafi, wanda ya zo a makare sai ya ce ta aiki ce. Akwai mai karkarwar gado da ta daɗe a jikinsa har ta fara bayyana ko yana hutawa. Kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyun, shi ya sa ko an tabbatar wa Baba tasa ta gado ce, in wata rana kuka ga tafiyarsa ta canza sai a koma. Likitoci ma suna kuskure a nan, musamman a shekarun farko. Babu gwajin jinin yau da kullum da ke cewa ga Parkinson, kuma hoton ƙwaƙwalwa na MRI yawanci lafiya lau yake fitowa a cututtukan biyu. In an sa a yi shi, don a kore wani abin ne, kamar ƙananan shanyewar jiki ko taruwar ruwa. Na faɗi haka ne don kada wani ya sa ku sayar da akuya a kan hoton da ba zai amsa tambayarku ba. Akwai wani hoto na musamman, DaTscan, da ke nuna ƙarancin dofamin, amma ba abu ne da ake samu a ko'ina ba, kuma yawancin marasa lafiya ba sa buƙatarsa. Ido, da hannun gwani, da lokaci, su ne ma'aunin.

Ranar tafiya ki samu leda biyu, ki kwashe duk maganin da kowannensu yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har wanda aka ce "ai wannan na jiri ne kawai". Na jirin ma shi na fi nema a ledar Gwaggo. Stemetil da Stugeron da ake ba tsofaffi don jiri, da metoclopramide na tashin zuciya, da magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da Largactil, duk suna iya kawo nawa da rawa sak irin ta Parkinson in an daɗe ana sha, kuma sau da yawa abin na warwarewa bayan likita ya janye su. A ledar Baba kuwa a duba abin shaƙa na asma irin su salbutamol, da valproate na farfaɗiya. A gwada masa suga, a kuma gwada aikin ƙullutun wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, don in yana aiki fiye da kima yakan sa rawar hannu tare da rama da zufa da bugun zuciya. Sannan goro. Ban taɓa ganin shagon tela ba goro da shayi mai kauri ba, ballantana daren sallah. Ba su ne suka kawo ciwon ba, amma suna hura shi, haka ma yunwa, da rashin barci, da ɓacin rai.

Maganar benzhexol ita ce ta gaggawa, kada ta jira layin likitan jijiyoyi. Ƙwayar nan, wadda wasu suka sani da Artane, samari 'yan shaye-shaye kuma suke kira Exol, tsohon maganin Parkinson ce, ba ta yi wa karkarwar gado komai. A jikin dattijo kuwa takan busar da baki, ta ɗaure ciki, ta dusashe gani, ta rikita tunani, ta riƙe fitsari, musamman ga namijin da shekaru suka fara kumbura masa mafitar fitsari. Wato an ba Baba maganin ciwon da wataƙila ba shi da shi, ya kwashi illar ya bar amfanin. Ki kai shi asibiti mafi kusa cikin makon nan a tsara yadda zai rage ta har ya bari, don bayan wata biyu ba a so a yanke ta rana ɗaya. In kuwa fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, ko da tsakar dare ne ku tafi. Kuma don Allah kada wani ya ce tunda an saya a miƙa wa Gwaggo ragowar.

In an tabbatar tasa ta gado ce, magunguna biyu ne a gaba: propranolol da primidone. Ba sa kawar da rawar, rage ta suke yi, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba, amma ragin da zai sa mutum ya kai cokali baki ba ƙaramin abu ba ne. Propranolol yana da araha, sai dai ba na kowa ba ne. Mai asma ba ya shan sa, haka wanda zuciyarsa ke bugawa a hankali, mai ciwon suga kuma sai da lura don yana ɓoye alamun faɗuwar suga. Primidone da ɗan mitsitsi ake farawa, da dare, saboda kwanakin farko yakan sa jiri da tashin zuciya, mutane da yawa a nan suke jefar da shi tun bai fara aiki ba. Wani abu kuma, kada Baba ya ji haushi in likita ya tambaye shi ko yana shan giya. Ba zargi ba ne. An san tana kwantar da irin wannan rawar na ɗan lokaci kafin ta dawo da ƙarfi, shi ya sa tambayar take cikin tsarin bincike. Ya ce a'a, a wuce. Ga waɗanda abin ya gagari magani akwai aikin da ake yi a ƙwaƙwalwa, amma Baba bai kai nan ba.

Sauran dabaru ne, kuma ke za ki fi iya shigar da su ba tare da ya ji an mai da shi yaro ba. Kofi mai nauyi ya fi mara nauyi, a cika shi rabi, a riƙe da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari ko a kafe a kan tebur. Akwai ɗan abin zira zare da masu kayan ɗinki ke sayarwa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yanka da ɗinkin hannu ya bar wa yara, shi ya riƙe awo da tsari da duba aiki, ai idon shekara arba'in ba ya rawa. Cin abinci cikin mutane kuwa, ku fara daga gida. Ranar da ya zubar kada kowa ya zabura da tsumma, kada kowa ya ce "sannu Baba" da muryar ta'aziyya. A ci gaba da hira. Kuma in ya samu suna ga ciwon, ya iya cewa abokansa "gado ne, irin na Inna", za ki ga rabin nauyin ya sauka.

Gwaggo kuma, in ta tabbata Parkinson ce, kada ki karaya. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, gaskiya ne, kuma tana ci gaba a hankali. Amma tun ƙarshen shekarun 1960 ake da levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin, ana haɗa shi da carbidopa a ƙwaya ɗaya. Wanda aka dace da shi, cikin makonni za ki ga kamar an ɗiga wa keken nan mai. Yadda jiki ya karɓe shi ma yana taimaka wa likita ya tabbatar da cutar. Muhammad Ali da kika ambata, a 1984 aka gano tasa, a 1996 duniya ta kalle shi yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa, bai rasu ba sai 2016. Shekara 32 ke nan. Za ki ji masu cewa a jinkirta levodopa kada ya ƙare aiki da wuri. Jinkirin ba ya ajiye komai, shekarun walwala kawai yake cinyewa. Abin da za ku yi wa tanadi shi ne kuɗinsa da samunsa, don ba a yanke shi kwatsam, kuma lokacin shan sa ba a wasa da shi. Nama da wake da nono suna gasa da shi a hanji, ƙwayar ƙarin jini ma haka, shi ya sa ake so a sha shi kamar rabin awa kafin abinci. Kafin azumi ya kama a zauna da likita a kan lokutan, a kuma tambayi malami hukuncin mara lafiya. Kada kuma tausayi ya sa ku karɓe mata duk aikin gida ku zaunar da ita. Motsi magani ne a wannan ciwon. Ta yi shara, ta taka zuwa maƙwabta, a nemi masu gashi na asibiti su koya mata atisaye. A dai kawar da tabarmar da ke naɗe baki da igiyar shanya da ke ƙasa, don faɗuwa ce abin tsoro.

Masu cewa jifa ne, ba sai kin yi musu da su ba, ba za ki ci riba ba. Ki dai tambaye su cikin ladabi wane abokin sana'a ne ya jefi kaka. Addu'a kuwa a yi ta, ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba. Abin da nake gudu shi ne a ɗaga keken Baba a kai wa mai cire jifa, a dawo ba keke ga rawa.

Gado kuma, ba zan ɓoye miki ba, karkarwa irin ta Baba tana bin jini, kuma a gidan da ta bi uwa ta bi ɗa, ba mamaki ta sake fitowa a wasu cikinku. Ba kowa ba, ba kuma lallai da ƙarfi ɗaya ba, wani sai ya tsufa ma kafin ya ga alama. Ba abin fasa aure ba ne, ba abin ɓoyewa ba ne. Parkinson kuwa mafi yawan masu ita ba gadonta suka yi ba, 'ya'yansu ma ba sa yi. Ciwon Gwaggo, in shi ne, bai zama hukunci a kanki ba.

Wanda za ku nema shi ne likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ki bayyana wa Gwaggo tun a gida cewa ba likitan masu taɓin hankali ba ne, don na san tsofaffinmu, da ta ji an ce ƙwaƙwalwa za ta ce ita lafiyarta ƙalau ta koma ɗaki. Irin waɗannan likitoci ba su da yawa a ƙasar nan, a manyan asibitoci suke. Ku fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, in da buƙata su ba ku takarda zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano. In kafin ranar wani cikinsu ya wayi gari baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan ba Parkinson ba ce ba kuma gado ba, shanyewar jiki ce, a tafi a lokacin. Haka in Gwaggo ta fara faɗuwa ko tana ƙwarewa da ruwa, kada a jira ranar layi. Ranar da za ku shiga, ki sa mata takalmin da ta saba tafiya da shi, don likita zai ce ta taka ya gani, kuma ki tafi da jikar nan da ke kwana ɗakinta.